Ƙunshin da Bai Dawo daga Tudun Lafani Ba

Ranar wata Litinin da hantsi, a ƙarshen daminar 1988, wani manomi ya jingine kekensa a ƙofar ofishin 'yan sanda na Illela, ya shigo yana haki. Ya ce an tsinci gawa a kan tudun da ke bayan ƙauyen Lafani.

Sufeto Junaidu Yari ya ajiye kofin kununsa, ya ɗauki hula. Ba wanda zai yi wa sallama. Matarsa ta rasu shekarar da aka kawo shi garin, 'ya'yansa suna Sakkwato hannun yayarsa, shi kuwa yana ɗaki ɗaya a bayan bariki, daga shi sai rediyo da butar alwala. Illela kuma garin iyaka ne, kowa da abin da ya ƙunsa a buhu zai ƙetara da shi Konni. Wa zai zauna hira da ɗan sanda? Ko 'yan canji, da bakinsu ba ya hutawa tun safe, in ya doso sai hirar ta koma ta ruwan sama.

Su biyu suka tafi a Landiroba, shi da Saja Lawwali.

A kan tudun akwai ɗakin bulo guda, da dogon ƙarfen eriya, da farantan hasken rana a kan rufi. Kayan wani ofishi ne da aka buɗe a Illela shekarar nan don lura da fara, saboda ana ta jin ta taso daga arewa, ga gero ya kusa isa yanka. Ofishin yana aika rahoto Sakkwato ta kwamfuta da rediyo, amma ƙarfin rediyon ba ya kaiwa. Sai na'urar da ke kan tudun ta karɓi saƙon, ta miƙa shi gaba. Mai gadin wurin shi ne Abu, tsohon da ba a san masa ɗa ko jika ba.

Shi ne kwance a ƙofar ɗakin.

Sufeto ya tsuguna. Akwai rauni a ƙeyar tsohon, ga dutsen dokin ƙofa da busasshen jini. Amma an kwantar da shi a kan hannun dama, fuskarsa na kallon alƙibla. An rufe masa idanu, an lulluɓe shi da wani shuɗin mayafi irin na makiyaya. A gefe ga ƙwaryar nono a ajiye, da faifanta a kai. Gaban rigarsa ya jiƙe da wani abu ya bushe, ya bar tabo.

A cikin ɗakin, na'urar tana nan da 'yar koriyar fitilarta. Akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashinta a kulle yake da kwaɗo, ba alamar an taɓa shi.

"Yallaɓai, ai magana ta ƙare," in ji Saja Lawwali. "Mayahin Bahillace, ƙwaryar Bahillace. Ga rugarsu can ƙasan tudu."

"Saja, ka taɓa ganin wanda yak kashe mutum, sannan yat tsaya shina gyara mishi kwanciya?"

"Duniya ce, Yallaɓai. Mi ne ba a gani ba?"

Kafin azahar an kamo mai mayafin. Sunansa Usmanu, makiyayi ne siriri, da ƙyar zai kai arba'in. Aka nuna masa mayafin, ya ce bai san shi ba. Aka nuna masa ƙwaryar, ya ce ƙwarya duk kama take. Aka tambaye shi ko ya taɓa hawa tudun, ya ce shi da tudu sai kallo daga nesa. Haba Usmanu! Ƙaryar ma ba ta yi tsawon kamu ɗaya ba, don zanen da ke jikin ƙwaryar shi ne a jikin sauran ƙoren matarsa.

Babban jami'in ofishin 'yan sanda bai ɓata lokaci ba. Ya ce rikicin mai gadi da makiyayi ne a kan ciyawa, kuma ranar Alhamis da safe mota za ta kai fursunoni kotu a Sakkwato, a saka Usmanu a ciki.

Sufeto ya san abin da wannan yake nufi. Wanda aka kai Sakkwato da tuhumar kisan kai ba beli. Ya san mutanen da suka yi furfura a gidan yari suna jiran a kira sunansu. Ya ce a ba shi lokaci. Babban ya yi dariya, ya ce yana da daga nan zuwa Alhamis, in yana son wahalar da kansa.

Da la'asar aka binne Abu. Liman ne da Sufeto da masu haƙa kabari biyu, sai manomin da ya kawo labari. Da Sufeto ya dawo, ya tarar da wata mace zaune a gindin bishiyar dogon yaron da ke fuskantar ofis, ba ƙwarya a kanta, ba ta sayar da komai. Adda ce, matar Usmanu. Ba ta roƙe shi ba, ba ta gaishe shi ba. Ido kawai ta bi shi da shi har ya shige, kuma kallon nan ya hana shi cin abincin dare.

Washegari ya tafi ofishin lura da fara. Ɗaki biyu ne a hanyar kasuwa, da janareta a baya. Mutum biyu ya tarar. Akwai Mukhtari, injiniyan da ke kula da na'urori, saurayi mai tsabta da agogo, wanda ya yi karatu a Kaduna ya dawo da Hausar rediyo. Akwai kuma Malama Raliya, wadda ke buga rahoto a kwamfuta. Ta gaishe shi a ladabce, ta koma ta sunkuyar da kai.

"Allah ya jiƙan Baba Abu," in ji Mukhtari. "Mutumin kirki ne. Na sha gaya masa ya daina sakewa da Fulanin nan."

"Yaushe rabonka da tudun?"

"Tun farkon damina. Ba abin da zai kai ni. Daga nan nake duba lafiyar na'urar."

"Daga nan? Ta ƙaƙa?"

Mukhtari ya ja kujera, ya zauna gaban kwamfutar. Da ma irinsa ba abin da suke so kamar a tambaye su.

"Wannan Turawa suna ce masa ping, mu muna cewa ƙwanƙwasa. Kwamfutar nan za ta jefa ɗan ƙunshin haruffa zuwa tudu. In na'urar can tana da rai, sai ta maido shi yadda ya je. In ya dawo, hanya lafiya ke nan. Kullum da safe sai na yi."

Ya danna. Rediyon ya yi wata 'yar ƙara, aka ɗan jira, sai rubutu ya fito.

"Ka gani? Ya dawo. Ba a saci komai ba, ba a taɓa komai ba. Matsalar tsakaninsu ce."

"Makullin akwatin ƙarhen nan, hannun wa yake?"

"Hannuna. Ni kaɗai. Batura ne a ciki, masu tsada."

Sufeto ya dubi wuyan hannunsa na dama, inda aka naɗe da bandeji.

"Mi yas same ka?"

"Salansar babur ce ta ƙone ni."

"Sannu. Allah shi sawwaƙe."

Ya fito bai samu komai ba. Ya koma ofis, ya sa aka fito masa da Usmanu, ya sallami kurtun da ke gadi, ya zauna a ƙasa kusa da shi. Ya miƙa masa ruwa a moɗa.

"Usmanu, ni na wanke Abu da hannuna. Wanda yar ruhe mishi ido ba maƙiyinai ba ne. In ka ci gaba da ƙarya, jibi za a tahi da kai, kuma ba ni da abin da zan tare motar da shi."

Makiyayin ya karɓi moɗar. Sannan ya yi magana, muryarsa can ƙasa.

"Mayahina ne, ranka shi daɗe. Kullum in rana ta yi sanyi ina kai wa Baffa Abu nono, mu zamna har magariba. Ba shi da kowa. Ran Lahadi saniyata tana haihuwa, ɗan ya zo a karkace, ban samu hawa ba sai da rana tah hwaɗi. Nit tarar da shi ya cika."

"Don mi ba ka kawo rahoto ba?"

"Bahillace da gawa gabanai? Wa za shi saurare ni?"

Sufeto ya canza tambaya.

"Abu ya taɓa yi maka kukan wata damuwa?"

"Ya ce na'urar ba ta da lahiya. Wai da maraice koren idonta kan lumshe, ta yi shiru, sannan ta hwarka. Da can ba ta yi. Ya ce manya za su zo daga Sakkwato wanga mako, za shi hwaɗa musu."

"Ya hwaɗa wa injiniya?"

"Ya ce ya hwaɗa mishi, yac ce tsuhwa ce ta kama mishi ido."

To, ga magana. Mutumin da ya ce rabonsa da tudu tun farkon damina, yaushe Abu ya gan shi har ya gaya masa? Abu ba ya saukowa gari, kowa ya shaida haka. Amma maganar wanda ke tsare ce a kan maganar injiniya, kuma kowa ya san wadda kotu za ta ɗauka.

Ran Laraba gab da azahar Sufeto ya koma ofishin farar. Ya yi sa'a Mukhtari ya fita sayen mai. Malama Raliya ita kaɗai ce.

"Malama, jiya injiniya ya ce hanya lahiya lau. Ke ma haka kika gani?"

Ta murza bakin gyalenta. Can sai hawaye.

"Yallaɓai, ya hi wata guda rahotona ba shi isa Sakkwato. In na aika sai shi katse a hanya. Sai dai in rubuta a takarda in ba direban mota, shi kai bayan kwana biyu. Rahoton hwara kuwa in ya kwana biyu, mi ya rage a gona? Injiniya ya ce hannuna ne, ban iya ba. Ya rubuta wa manya. In sun zo, sallamata za su yi."

"Ke ba ki taɓa ƙwanƙwasawa da kanki ba?"

"Na iya. Ya hana ni taɓawa, wai aikinai ne."

Suna cikin haka Mukhtari ya dawo, ya tsaya a bakin ƙofa da galan a hannu. Rana ta take tsaka.

"Injiniya, ƙunshin nan da kake jehwawa kullum, mi ne girmanai?"

"Haruffa ashirin."

"Rahoton Malama hwa?"

"Shi kwamfuta ke yanka shi ƙunshi-ƙunshi. Kowanne ya kai haruffa ɗari biyu da hamsin."

"Af! Ashe kai akuya kake korawa ta haye gadar kullum, ita kuwa raƙumi take jawowa da kaya. Ana iya ƙara girman naka?"

Mukhtari ya dubi agogonsa, ya leƙa waje, sannan ya yi murmushi.

"Me zai hana? Zo ka gani."

Ya jefa na hamsin, ya dawo. Ya jefa na ɗari, ya dawo. Ya jefa na ɗari biyu da hamsin, ya yi ta maimaitawa, duk suna dawowa ba ko harafi ɗaya da ya ɓace.

"Na gaya maka hannunta ne, Yallaɓai. Aikin nan ba na kowa ba ne."

Malama Raliya ta kifa kanta a kan tebur. Sufeto ya fito jiki ba ƙwari. Ya ji kunya, ya ji haushin kansa, ga shi ya ƙara wa baiwar Allah wulaƙanci a banza. Ya bi ta bayan ofishinsu ya shiga, don kada ya haɗa ido da Adda.

Ya tarar Saja Lawwali yana ɗaure kayan shaida da za a tafi da su gobe. Sajan ya ɗaga rigar mamacin yana tsaki.

"Yallaɓai, dubi aikin gara. Kwana biyu kacal a sito, sun cinye gaban rigar."

Sufeto ya karɓa. Gaban rigar ya zama rariya, ƙananan huji birjik, daidai inda tabon nan yake. Ya taɓa gefen hujin, zaren ya marmashe a yatsunsa. Baya da hannuwa kuwa lafiya lau.

"Wace irin gara ce ta san gaba ta bar baya? Ka tuna wandon makanikin da ke gyara muna Landiroba?"

Saja ya buɗe baki.

"Ruwan batir!"

"Shi ne. Ba shi nunawa ranar da yaz zuba. Sai ya kwana shi ka cin tuhwa."

Ya zauna da rigar a cinyarsa. Makiyayi ba ya yawo da ruwan batir. Sai maganar Usmanu ta dawo masa, cewa da maraice idon na'urar ke lumshewa. Ya tuna yadda Mukhtari ya dubi agogo, ya leƙa rana, kafin ya yarda a yi gwajin. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Bai gaya wa kowa ba. Ya jira har la'asar sakaliya, lokacin da Mukhtari kan hau babur ya tafi majalisarsu a bakin tasha. Sannan ya koma wurin Malama Raliya a karo na uku. Ta gan shi, ta haɗe fuska, kuma da gaskiyarta.

"Ki yi haƙuri da na ɗazu, Malama. Tambaya biyu gare ni. Baturan da ke kan tudu, ana zuba musu ruwa?"

"A'a. Ina wurin sanda anka sa su. Manya ne, toka-toka, a liƙe suke. Baturen da yak kawo su ya ce har su mutu ba a buɗe su."

"Wane lokaci kike aika rahoto?"

"In masu zagaya gonaki sun dawo. Kamar yanzu."

"To zamna ki ƙwanƙwasa. Ni na sa ki."

Ta zauna. Ya ce ta fara gwada rediyon da ke ɗakin tukuna, ba tare da an je tudu ba. Ƙarami da babba duk suka dawo. Ya ce to, laifin ba na ɗakin nan ba ne, kuma ba na hannunta ba ne, yanzu ta nufi tudu.

Na ashirin ya je ya dawo. Na hamsin ya dawo. Na ɗari ya yi nawa, ya dawo. Ta maimaita, wannan karon bai dawo ba. Ta jefa na ɗari biyu da hamsin.

Shiru.

Suka zuba wa gilashin kwamfutar ido. Ba abin da ke motsi sai ɗan ɗigon haske. Ta jefa na ashirin a bayansa, shi ma shiru, sai da aka ɗan jima sannan ya dawo. Ta sake jefa babban, hanya ta sake mutuwa.

"Da rana farantan nan ke ciyar da ita," in ji Sufeto a hankali. "In rana ta yi sanyi sai ta koma kan batir. Ƙaramin saƙo numfashi ɗaya ne, ko mataccen batir ya iya. Babba kuwa sai da ƙarhi. Malama, baturan da kika gani ba su cikin akwatin nan."

Raliya ta rufe bakinta da hannu, ta ce, "Innalillahi."

"Gobe da an sallame asuba ki zo ki tada janareta. Zan bar miki oba-oba, rediyon hannun da muke magana da shi. In kin ji muryata, ki jehwa babban."

Ran Alhamis gari bai gama wayewa ba suka buga wa Mukhtari ƙofa. Sufeto ya ce masa wata 'yar takarda ce za a cike a kan tudu kafin a tafi da Bafillacen, ya taho da makullinsa. Ya fito yana hamma, har yana yi wa Saja ba'a a mota.

A kan tudun iska na kaɗawa, tabarmar Abu tana nan a naɗe a jikin bango. Gabas ta yi ja, rana ba ta fito ba. Suka shiga ɗakin su uku, koriyar fitilar tana ci.

Sufeto ya ɗaga oba-oba.

"Malama, ƙaramin."

Na'urar ta yi 'yar ƙara, fitilar ta ɗan girgiza, ta tsaya.

"Ya dawo," in ji muryar Raliya.

"Babban."

Na'urar ta fara ƙara, ta ja, ta shaƙe. Koren hasken fitilar ya dushe a gabansu har ya mutu.

"Bai dawo ba, Yallaɓai."

Sufeto ya juyo.

"Injiniya, tsuhwa ta kama mini ido ni ma? Buɗe akwatin."

"Yallaɓai, wannan ai raɓa ce ta safe take shiga..."

"Buɗe."

Sai da makullin ya faɗi ƙasa sau biyu kafin kwaɗon ya buɗu. Wari ya bugo su. A ciki tsofaffin baturan gingimari ne guda biyu, baƙaƙe, bakinsu ya yi farin gishiri, an ɗaure wayoyin da tsumman roba. A lungu ga kwalbar ruwan batir, saura kaɗan a gindinta.

"Baba Abu ne," in ji Mukhtari da sauri. "Shi da Bafillacen suka haɗa baki suka canza."

"Da wane makulli? Kai kac ce kai kaɗai ke da shi. Saja, kwance mishi bandejin nan."

Mukhtari ya ja baya, bango ya tare shi. Saja Lawwali ya warware ƙyallen. Ba shatar salansa ba ce. Ɗigo-ɗigo ne na ƙuna, sun gangara daga wuyan hannu zuwa gwiwa, yadda ruwa ke gangara. Sufeto ya warware rigar Abu, ya ɗaga ta a gabansa, hasken safiya yana ratsowa ta hujojin.

"Kwalba ɗaya ta ƙone ku, kai da shi. Ran Lahadi."

Mukhtari ya sulale ya zauna a ƙasa.

"Wallahi ban yi niyyar kashe shi ba. Baturan na sayar a Konni tun tsakiyar damina, wani mai gidan bidiyo ya saya. Da kuɗin na sai babur. Na ce kafin a gane na maido wasu. Da na ji manya za su zo, sai na hau in ƙara wa waɗannan ruwa, ko su riƙe na kwana biyu. Ya shigo ya gan ni. Ya ce ashe abin da ya sa take suma ke nan, ya ce sai ya faɗa. Na roƙe shi. Ya kama hannuna wai mu sauka gari tare, kwalbar ta zube mana. Na ture shi. Turewa kawai na yi, ya faɗa kan dutsen."

"Sannan ka tsaya ka kulle kwaɗo."

Mukhtari ya sunkuyar da kai.

"Kuma ka bar yarinyar mutane tana kuka wata guda, ka bar wani a sel a madadinka. Saja, sa mishi ankwa."

Sanda suka iso ofis, motar Sakkwato ta riga ta tsaya a ƙofa, injinta na aiki. An jero fursunoni, Usmanu ne na ƙarshe, da igiya a ƙugunsa. Adda ta taso daga gindin bishiya ta tsaya a bakin titi. Sufeto ya shiga wurin babban jami'in, ya ajiye masa rigar da kwalbar a kan tebur. Ba a daɗe ba ya fito, ya ce a kwance igiyar.

Aka kwance. Usmanu bai yi murna ba, bai yi godiya ba. Ya dubi ankwar da ke hannun Mukhtari, ya dubi Sufeto.

"Shi ne?"

"Shi ne."

"Ranka shi daɗe, ka bar ni in tambaye shi abu guda."

Sufeto ya ɗaga wa Saja hannu, aka tsayar da Mukhtari. Makiyayin ya matso, ba fushi a fuskarsa, sai wani abu da ya fi fushi wuyar kallo.

"Sanda kab bar shi, ya cika?"

Mukhtari ya kau da kai.

"Amsa mishi," in ji Sufeto.

"Yana numfashi."

"Ya yi magana?"

Direban motar ya kashe injin.

"Ina saukowa ina jin shi," in ji Mukhtari. "Sunanka yake kira. Har na tada babur yana kira."

Usmanu ya tsaya kamar an dasa shi. An ce Bafillace ba ya kuka a gaban mutane, ko da wuƙa a wuyansa. Ya durƙusa a tsakar ofishin 'yan sanda, gaban kurata da fursunoni da masu wucewa kasuwa, ya kifa fuskarsa a tafin hannu.

"Na'am, Baffa," yake cewa. "Na'am. Ga ni."

Saja Lawwali ya ɗauki igiyar da aka kwance, ya ɗaura ta a ƙugun Mukhtari, ya tura shi cikin motar.